Ja mai 400V ko rawaya mai X2: wace kafasita ta dace da haɗin da ba shi da taransifoma?

Abdulhadi, Daura

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa kunna fitilar ƙofar shago da kanta idan magariba ta yi, ta kuma kashe ta idan gari ya waye, kuma wasu masu shaguna a layinmu sun ce suna so idan ta yi kyau. Saboda tsadar taransifoma da ƙarancin wuri a cikin akwatin, na bi hanyar da ake bi a tocila mai caji, wato kafasita guda a kan layin wuta, sai dayod huɗu masu miƙar da wutar ta bi hanya ɗaya, sai zena mai tsayar da ita a kan 12V, sai kafasita mai gwangwani mai tace ta, sannan rile na 12V, wato makunnin da wuta ke ja ya kunna fitilar. Kafasitar da na samu ita ce jar nan da aka rubuta wa 474J 400V, wato girmanta 0.47µF ne. Tunda wutarmu 230V ce, na ɗauka 400V ta wadatar har da rara, amma wani abokina ya dage cewa sai rawaya mai akwati wadda aka rubuta wa X2 275V, ni kuwa ban ga yadda 275 za ta fi 400 ba. Ina roƙon a fahimtar da ni kafin in sayi da yawa.

Malam Lawal Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka buɗe duk tocila mai caji da ke kasuwa, da ƙwan fitila na LED mai arha, da maganin sauro na lantarki, za ka tarar da wannan jar kafasita ce a ciki, ko 105J mai 1µF ko 474J, kuma 400V aka rubuta mata. Masu ƙera su ba mahaukata ba ne. Abin da yake yawan mutuwa a tocilan da ake kawo mini batir ne da makunni, ba ita ba. Ka sa abinka, ka dai tabbata ka ɗaura mata rizista a gefe don kada bakin filogi ya ja mutum bayan an zare shi daga bango.

Injiniya Bishir, Katsina

Malam, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne ana sa ta a waɗannan kayayyaki, amma ina ganin ya kamata mu fara da lissafi kafin mu ba yaron nan izini, domin lambobin nan biyu da yake kwatantawa ba ma'auni ɗaya aka auna su da shi ba.

230V ɗin da mita ke nunawa ba ita ce iyakar da wutar ke kaiwa ba. Wutar AC, wato irin ta layi mai juyawa gaba da baya, tana hawa tana sauka sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙololuwarta ita ce abin da mita ta nuna a ninka da 1.414, wato kimanin 325V idan wutar tana 230V, ko 353V idan ta hau zuwa 250V, abin da duk wanda ke kusa da taransifomar unguwa ya sha gani cikin dare idan lodi ya ragu. A irin wannan haɗi kuma kusan dukkan wutar a kan kafasitar take sauka, domin 12V kawai ake ɗiba a ƙasa. Saboda haka rarar da Abdulhadi yake gani tsakanin 230 da 400 ba 170V ba ce. A daren da wuta ta cika, ba ta kai 50V ba.

Wannan ma shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. 400V ɗin da ke jikin jar kafasita ta DC ce, wato wutar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta juyawa. Idan mutum ya duba takardar bayanin da manyan kamfanoni ke fitarwa, zai ga irin wannan kafasita ta foliyesta mai 400V DC sau da yawa kimanin 200V AC kawai aka yarda a ɗora mata, saboda juyawar wuta gaba da baya tana haifar da 'yan ƙananan tartsatsi a cikin ramukan iskar da suka saura tsakanin naɗin ledar, kuma su ne suke cin ta a hankali. Ita kuwa rawayar, 275V ɗin da ke jikinta ta AC ce, shi ya sa za ka ga an rubuta 275VAC ko an sa 'yar alamar igiyar ruwa a gaban lambar. Idan aka mayar da su ma'auni ɗaya, rawayar ce a sama da wutarmu, jar kuma tana ƙasa da ita.

Malam Lawal Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura

Injiniya, na ji lissafinka, kuma ban musa shi ba. Amma idan tana ƙasa da wutarmu kamar yadda ka ce, me ya sa ba ta fashewa a ranar farko? Akwai tocila a shagona da ta shekara da shekaru, kafasitarta tana nan lafiya lau.

Injiniya Bishir, Katsina

Ba ta fashewa a ranar farko saboda ledar tana iya ɗaukar fiye da abin da aka rubuta na ɗan lokaci, kuma tocila ba ta kwana a bango kullum. Ana caja ta awa biyar ko shida, a wurin da ma wutar ba ta zama. Na'urar Abdulhadi kuwa za ta zauna a kan layi dare da rana, a waje, cikin akwatin da rana ke duka a watan Afrilu lokacin da zafin inuwa ma yake haura 40°C, sannan ta ga tsawa da walƙiyar Yuli da Agusta. Aikin ba ɗaya ba ne, Malam.

Malama Hadiza, Katsina

Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Injiniya, domin ina ganin ainihin darajar X2 ba a lambar 275 take ba. Wutar layi ba ta tafiya sumul kamar yadda muke zana ta a allo. Duk lokacin da aka kashe injin niƙa ko famfon borehol a kan layi ɗaya, ko aka maido da wuta bayan ɗaukewa, ko walƙiya ta sauka kusa da waya, akan sami bugu na ƙiftawar ido wanda ke iya haura 1,000V. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60384-14 ta raba kafasitocin da ake sa wa a kan layi zuwa aji-aji bisa irin bugun da za su iya sha: X2 har 2,500V, X1 har 4,000V. A gwajin juriya kuma ana ajiye ta awa 1,000 a kan wutar da ta ninka abin da aka rubuta mata da 1.25, sannan kowace awa a ɗaga wutar zuwa 1,000V na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, akwai kuma gwajin kama wuta. Jar kafasita ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba don layi aka yi ta ba.

Sai mu tambayi kanmu abin da zai faru idan ta haɗe ciki. A wannan haɗin kafasitar ce kaɗai ke tsaye tsakanin 230V da zena ta 12V. Ranar da ta haɗe, wutar gaba ɗaya za ta afka wa dayod da zena da mai gwangwani, kuma wannan yana faruwa ne a ƙofar shagon mutum da tsakar dare, babu kowa a wurin. X2 an yi ta ne yadda idan bugu ya huda ledar, siririn ƙarfen da aka shafa a kewayen hudar zai ƙone ya janye, hudar ta keɓe, kafasitar ta ci gaba da aiki tana ɗan raguwa. Ina ganin raguwa ta fi haɗewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sagir, Daura

Malama, to idan aka sa ja mai 630V fa? Tana samuwa, kuma ba ta kai rawayar tsada ba.

Malama Hadiza, Katsina

Ta fi mai 400V, babu shakka, musamman idan ta folifirofilin ce, kuma wasu kamfanoni suna ba irinta 250V AC ko fiye. Amma wasu masu 630V DC ɗin na foliyesta ba su wuce 200V zuwa 220V AC ba a takardarsu, kuma wadda za ka saya a tire a kasuwa ba ta zo da takarda ba, ba ka ma san wanda ya yi ta ba. Har yanzu dai ba a gwada ta da bugun 2,500V ba. Idan mutum yana gwaji a kan teburinsa yana tsaye a kai, ba zan hana shi ba. Abin da za a sayar wa jama'a a manna a bango shi ne ban yarda ba.

Nura Sola, Ƙofar Ƙwaya

Ni ina da ƙorafi a kan rawayar da kowa yake yabo. Ana kawo mini fanka mai rimot da na'urar kariyar firji, sai ka ga fitilarsu tana kamawa amma rile ba ya ja, ko yana ta ƙaf-ƙaf. Idan na cire rawayar na ɗora a mita, wadda aka rubuta wa 0.47µF sai in ga ta koma 0.2 ko ƙasa da haka, alhali jikinta tas, babu ƙuna babu kumburi. Idan har ita ce mai inganci, me ke cinye ta?

Injiniya Bishir, Katsina

Nura, abin da ka gani gaskiya ne, kuma kamfanonin da ke yin ta sun san da shi. Asalin aikin X2 shi ne a gicciya ta tsakanin layin wuta da nutural don ta tace hayaniya, kuma a can ko ta rasa rabin girmanta babu wanda zai lura. A haɗin da ba shi da taransifoma kuwa girmanta shi ne yake yanke yawan wutar da za ta ratsa, saboda haka duk abin da ta rasa, rile ne zai ji a jikinsa. Abubuwa biyu ke cinye ta: warkar da kanta da Malama ta bayyana, domin kowace huda tana tafiya da ɗan yanki na ƙarfen, da kuma laima da ke shiga ta cikin robar akwatin ta sa siririn ƙarfen ya yi tsatsa, abin da zafi ke hanzartawa. Mu a nan rani yana taimakonmu, amma damina tana haɗa mana laima da zafi a lokaci guda.

Wannan ne ya sa nake ba da shawarar a tsallake 275VAC a nemi mai 305VAC ko 310VAC idan da hali, domin wutar da ke kai 250V ko 260V ta matso kusa da 275 ƙwarai, kuma yadda kafasita take aiki kusa da iyakarta, haka take saurin raguwa. Manyan kamfanoni irin su TDK da Vishay da KEMET suna da nau'in X2 da suka keɓe musamman don a jera shi a kan layi irin wannan, wanda aka gwada a zafin 85°C da laima kashi 85 cikin ɗari tare da wuta a kansa. Samunsa a kasuwanninmu da wuya, sai dai oda. Wanda bai samu ba ya duba lambobi uku da ke jikin akwatin, kamar 40/105/56: ta tsakiya ita ce iyakar zafi, ta ƙarshe kuma yawan kwanakin da ta yi a gwajin laima, saboda haka mai 56 ta fi mai 21. Ya kuma duba tambarin hukumomin gwaji irin su ENEC da VDE da UL, ko da yake tambari abu ne da mai jabu ma yake iya bugawa.

Malam Lawal Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura

To kun ga inda nake tsaye ke nan. Rawayar da ke kasuwa, wa ya tabbatar muku ba jar ce aka saka wa riga ba? Ni idan dole sai rawaya, na fi amincewa da wadda na ciro daga fanel ɗin tsohuwar talabijin ko akwatin wutar kwamfuta na asali, in auna ta, idan girmanta yana nan in yi aiki da ita. Kuma akwai dabarar da muke yi tun da: a jera ja guda biyu masu 105J, ɗaya bayan ɗaya, su ba da 0.5µF, kowace ta ɗauki rabin wutar.

Malama Hadiza, Katsina

Baba, maganar cirowa daga tsohon fanel na asali na yarda da ita ɗari bisa ɗari, muddin an auna. Jeri biyu ma dabara ce mai tushe, domin kowace za ta ga kimanin 115V AC, kuma wasu daga cikin kafasitocin musamman da Injiniya ya ambata haka aka naɗa su a ciki, kashi biyu a jere. Sai dai rabon ba ya zama daidai idan girmansu ya bambanta. Ƙaramar ce take ɗaukar kaso mafi yawa, kuma idan ta fara raguwa sai kasonta ya ƙaru, ta ƙara saurin lalacewa. Sannan kowace tana buƙatar rizistarta a gefe. Idan aka haɗa kuɗin biyun da wurin da za su ci, ban ga ribar da aka samu a kan X2 guda mai kyau ba.

Abdulhadi, Daura

Na gode ƙwarai, na fahimci bambancin yanzu. Tunda an ce tana raguwa, shin in ɗauki babba tun farko, kamar 1µF, don ko ta ragu rile ya ci gaba da ja? Sannan mai gwangwanin da na sa 16V ce, ko ita ma akwai magana a kanta?

Injiniya Bishir, Katsina

Ƙanena, bari mu auna. Rile na 12V irin shuɗin nan da ya cika kasuwa naɗinsa kimanin 400Ω ne, yana cin 30mA. Kafasita mai 0.47µF a wutar 230V da 50Hz tana barin kimanin 34mA na AC su ratsa, wanda bayan dayod huɗu yake komawa kusan 29mA na DC. Ka ga tun tana sabuwa ma da ƙyar take ciyar da rilen, kuma idan wuta ta sauka zuwa 180V, kamar yadda take yi da yamma a unguwanni da yawa, abin da za ka samu bai wuce 23mA ba. Mai 0.68µF za ta ba ka kimanin 42mA a 230V, da 33mA a 180V, kuma ita ce daidai da wannan rile. Mai 1µF ta yi yawa, domin da rana lokacin da rile yake a sake, dukkan wutar da ta ratso zena ce za ta shanye ta: sama da 60mA a kan 12V ya haura 0.7W, a cikin rufaffen akwati, cikin zafin Daura. Ko da 0.68µF ɗin ma kada ka sa zena ƙasa da 1W.

Da ni ne, da na canza rilen zuwa na 24V, wanda naɗinsa kimanin 1,600Ω ne kuma 15mA kawai yake ci. A irin wannan haɗi ɗaga wutar ƙasa daga 12V zuwa 24V kusan kyauta ne, sai ka sauko zuwa 0.33µF ko ka tsaya a 0.47µF ka sami rara ta gaske.

Mai gwangwani kuwa zena ce ke kare ta. Matuƙar zena tana raye, ba za ta ga fiye da 12V ba, amma 16V ta yi kusa. Ka sa 25V, ko 50V idan ka koma rile na 24V, kuma ka nemi mai 105°C maimakon 85°C, domin ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na 10°C yana rage rabin rayuwarta. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne kunna haɗin babu zena ko da dalma ta saki ƙafarta, saboda idan babu mai shan wutar, za ta yi ta hawa tana neman 325V har gwangwanin ya fashe.

Malama Hadiza, Katsina

Kada a manta rizistoci ma suna da iyakar wutar da suke ɗauka. Ƙaramar nan ta kwata wat yawanci 250V ce iyakarta, ƙololuwar layi kuwa 325V, saboda haka wadda Baba ya ce a ɗaura a gefen kafasita a yi ta guda biyu a jere, kowace 470kΩ. Sannan dole a sa wata a kan layin kafin kafasitar, kamar 100Ω mai 1W ko 2W, irin wadda ba ta kama wuta kuma take yankewa kamar fiyus. Idan filogi ya yi tartsatsi a soket, kafasitar na iya riƙe 325V ta gefe ɗaya a daidai lokacin da layi ya dawo da 325V ta ɗaya gefen, bambancin 650V ke nan, kuma wannan rizista ce kaɗai za ta tsayar da bugun a kan 6.5A maimakon abin da zai kashe zena nan take. A bayan fiyus kuma a sa MOV, wato abin da ke shanye bugun wuta idan ya haura iyaka; mai lamba 431K na 275V AC ne, mai 471K na 300V AC, kuma a wutar da ke yawan hawa na biyun ya fi daɗewa.

Nura Sola, Ƙofar Ƙwaya

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne zai fi damun Abdulhadi, domin shaguna da yawa yanzu a kan inbata suke kwana. Ƙananan inbatoci masu arha ba sa ba da wuta mai santsi irin ta layi. Tsalle take yi daga sifili zuwa sama, ta dawo, ta faɗa ƙasa. Na sha ganin rizistar layin nan ta yi baƙi ƙirin har ta ƙona fanel a kan irin wannan inbata, alhali a wutar gari ko ɗumi ba ta yi.

Injiniya Bishir, Katsina

Wannan magana ce mai nauyi, kuma lissafinta yana da ban tsoro. A wutar gari, 34mA a kan 100Ω bai wuce 0.12W ba. A kan inbata mai tsalle kuwa, duk tsalle ɗaya na kimanin 300V yana zubar da kusan 0.02 na jul, wato ma'aunin makamashi, a cikin rizistar idan kafasitar 0.47µF ce, kuma tsallen huɗu ne a kowane zagaye, wato 200 a daƙiƙa, wanda ya kama kimanin 4W. Canza girman rizistar ba ya rage wannan zafi, kuma ɗaga lambar kafasita zuwa 310VAC ko X1 ba ya magance shi. Ƙaramin janareta ma yana da tasa matsalar, domin idan ya yi gudu fiye da kima juyawar wutar tana ƙaruwa, kafasitar kuma tana ƙara buɗe hanya daidai gwargwado.

Haka nan idan nutural ya yanke a taransifomar unguwa, gidan da ke kan layi mara lodi yana iya ganin wutar da ta doshi 400V AC, ƙololuwarta 565V. X2 ba a yi ta don ta zauna a kan wannan ba. A ranar fiyus da MOV ne za su mutu su ceci shagon, shi ya sa ba a barin su.

Malam Lawal Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura

Ɗana Abdulhadi, ni har yanzu a tocila zan ci gaba da mayar da irin abin da na tarar a ciki, amma naka aikin na bango ne, ka bi maganar Injiniya da Malama. Abu ɗaya zan ƙara wanda ya fi duk lambobin nan: wannan haɗin ba shi da katanga tsakaninsa da layi, saboda haka ko wurin da mita ta nuna maka 12V, idan ka taɓa shi kana tsaye a ƙasa zai iya kashe ka, musamman da yake masu wayarin da yawa ba sa bambance layin wuta da nutural. Akwatin ya zama na roba, idon da ke ganin hasken rana ya kasance a ciki bayan leda mai gani, kada ko waya ɗaya ta leƙo waje, kuma kada wani ya roƙe ka ka fitar masa da bakin cajin waya daga jikinsa.

Abdulhadi, Daura

In sha Allahu haka zan yi, Baba. Zan koma rile na 24V da X2 mai 0.47µF, 310VAC idan na samu a Katsina, idan ban samu ba in aika Sabon Gari a Kano. Shagunan da ke kan inbata mai tsalle kuwa zan sa musu ƙaramar adafta ta 12V da rilen da nake da shi, in ƙara musu kuɗinta. Yaya Nura, idan ba damuwa, ka turo mini hoton mitar da kake auna µF da ita, domin tawa ba ta da wannan wurin.